Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan da Aka Haifa a Ƙasar Waje Iyayensa Ba Su da Takardu, Ɗan Wace Ƙasa Ne?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan matsala guda suke, wato makomar 'ya'yan da ake haifa a ƙasashen waje alhali iyayensu ba su da izinin zama, waɗanda kafafen yaɗa labarai suka saba kira baƙin haure. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su saboda nauyin abin da suke tambaya. Dokokin zama ɗan ƙasa suna yawan sauyawa, saboda haka bayanin da ke nan ba zai maye gurbin lauyan da zai zauna ya duba takardun mutum ba.

Tambaya: Malam, ƙanwata ce ta haihu a Italiya, kuma daga ita har mijinta babu mai takardar izinin zama. Mutane suna ta yi mana barka, suna cewa tun da an haifi yaron a can ai ya zama Bature a takarda, kuma ba za a ƙara iya korar uwarsa ba. Shin haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya raya abin da aka samu, amma barkar da ake yi muku a kan takarda ta zo da wuri. Ƙasashen duniya hanya biyu suke bi wajen tantance ɗan ƙasa tun daga ranar haihuwa. Wasu suna duba inda aka haifi yaro, wasu kuma suna duba wanda ya haife shi. Ƙasashen da ke cewa duk wanda aka haifa a cikin iyakarsu nasu ne, ba tare da tambayar matsayin iyayensa ba, kimanin 30 ne, kuma kusan dukansu a nahiyar Amurka suke, irin su Kanada da Amurka da Meksiko da Brazil da Ajantina. A Tarayyar Turai kuwa babu ƙasa ko ɗaya da ta rage a kan wannan tsari. Ireland ce ta ƙarshe, ita ma ta rufe ƙofar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2004, kuma daga 1 ga Janairun 2005 sai ɗaya daga cikin iyaye baƙi ya yi zaman halal na shekara 3 a cikin 4 da suka gabaci haihuwar kafin jaririn ya zama ɗan ƙasa.

Italiya tana cikin masu bin jini sosai. A ƙarƙashin dokarta ta 1992, ɗan ƙanwarka ƙasar iyayensa ya gada, ba Italiya ba. Abin da haihuwarsa a can ta ba shi dama ce da zai jira shekara 18 kafin ta nuna: wanda aka haifa a Italiya, ya kuma zauna a cikinta bisa doka ba tare da yankewa ba har ya cika shekara 18, yana iya zuwa ofishin ƙaramar hukumarsa ya bayyana cewa yana son zama ɗan ƙasa, amma a cikin shekara guda tak, kafin ya cika 19. Samari da 'yan mata da yawa sun rasa wannan dama saboda ba su san da wa'adin ba, wasu kuma saboda iyayensu sun yi shekaru ba su da rajistar mazauni. Wannan ne ya sa aka yi gyara a 2013, aka ce kada a ɗora wa yaro sakacin iyayensa ko na ma'aikatan gwamnati, kuma yana iya kawo takardun makaranta da na asibiti su shaida cewa bai bar ƙasar ba. Aka kuma wajabta wa ƙaramar hukuma ta sanar da shi haƙƙinsa a cikin wata 6 kafin ya cika 18.

Game da korar uwar, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai an yi mata ƙari. Dokar shige da fice ta Italiya ta hana korar mace mai juna biyu, haka ma wadda ta haihu har zuwa wata 6 bayan haihuwa, kuma ana ba ta izinin zama na wucin gadi a wannan tsakani. Bayan nan kariyar ta ƙare, sai dai idan kotun yara ta ga akwai babban dalili da ya shafi lafiya ko tarbiyyar yaron, ta ba iyayen izinin zama na wani ƙayyadadden lokaci. To, waɗannan wata 6 ba na hutun jego kaɗai ba ne. A cikinsu ya kamata ta ga lauya ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke ba baƙi shawarar shari'a kyauta.

Maƙwabtan Italiya ma kowace da nata salon. A Faransa yaron da iyayensa baƙi ne yana zama ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, matuƙar yana zaune a can kuma ya yi aƙalla shekara 5 a ƙasar tun daga shekara 11, iyayensa ma suna iya nema masa tun yana ɗan shekara 13, kuma in ban da tsibirin Mayotte da aka tsaurara wa doka, ba a tambayar ko iyayen suna da takardu. Jamus kuwa ba ta ba jariri zama ɗan ƙasa sai ɗaya daga cikin iyayensa yana da izinin zama na dindindin kuma ya yi shekara 5 yana zaune bisa doka. Kafin gyaran 2024 shekara 8 ake nema. Ɗan baƙon haure ba ya shiga ta wannan ƙofa ko kaɗan.

Tambaya: Na haifi 'yata a Amurka a 2019, bayan bizata ta ƙare. Tana da fasfon Amurka. Na ji an ce Shugaba Trump ya soke wannan haƙƙi. Za a ƙwace fasfonta ne? Kuma tana iya samar mini takardu?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki a kan tambaya ta farko. Umarnin da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a ranar 20 ga Janairun 2025 ya shafi jariran da za a haifa ne bayan kwana 30 da fitarsa, waɗanda uwarsu ba ta da izinin zama ko kuma zaman wucin gadi take yi, ubansu kuma ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi kuma da izinin zama na dindindin. Bai waiwayi waɗanda aka riga aka haifa ba, saboda haka 'yarki ba ta cikin lissafin tun farko.

Tushen haƙƙinta kuwa ba doka ce ta majalisa da za a wayi gari a sauya ba. Yana cikin gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1868, bayan yaƙin basasa, domin tabbatar da cewa bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu cikakkun 'yan ƙasa ne. A 1898 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Wong Kim Ark, wani mutum da aka haifa a San Francisco iyayensa 'yan Sin, wanda aka hana shiga ƙasar da ya dawo daga tafiya. Kotun ta ce haihuwarsa a Amurka ta mai da shi ɗan ƙasa. Waɗanda aka keɓe 'yan kaɗan ne, kamar 'ya'yan jami'an diflomasiyya. Sauya kundin kuwa sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su yarda. Shi ya sa alƙalan kotunan tarayya suka dakatar da umarnin cikin 'yan kwanaki. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 27 ga Yunin 2025, wanda ya tayar da hankalin mutane da yawa, bai taɓa ainihin haƙƙin ba. Ya taƙaita ikon alƙali guda ne na dakatar da umarnin gwamnati a faɗin ƙasa baki ɗaya. Sai a Disamban 2025 kotun ta karɓi sauraron ainihin batun. Duk wadda ta haihu bayan 19 ga Fabrairun 2025 ta tuntuɓi lauya a kan matsayin ɗanta.

Tambayarki ta biyu ce ba ta da amsa mai daɗi. Fasfon yaro ba ya hana a tasa ƙeyar iyayensa, kuma an sha yin hakan. 'Yarki ba za ta iya shigar miki da takardar neman izinin zama ba sai ta cika shekara 21, wato a 2040. Ko a lokacin ma ana bambanta wanda ya shigo da biza ta ƙare masa, irinki, da wanda ya tsallako iyaka ba tare da an duba shi ba. Na farko yakan iya gyara matsayinsa yana cikin ƙasar. Na biyu kuwa galibi sai ya fita, kuma fitar tana jawo masa haramcin dawowa na shekara 10 idan ya yi fiye da shekara guda yana zaman da ba bisa doka ba. Akwai kuma wata kafa a gaban alƙalin shige da fice ga wanda ya yi shekara 10 a ƙasar, ba shi da tabon laifi, ya kuma nuna cewa korarsa za ta jefa ɗansa ɗan ƙasa cikin wahalar da ta wuce misali, amma mutum 4,000 kacal doka ta yarda a ba a shekara, kuma kewar uwa ko raguwar abin hannu ba su isa hujja ba.

Tambaya: Ɗana an haife shi a Ingila, yanzu shekararsa 9, bai taɓa fita ƙasar ba. Ni da mahaifiyarsa duk izininmu ya ƙare tun yana goye. Wani ya ce mini idan ya kai shekara 10 shi ke nan ya zama ɗan Birtaniya.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka ya faɗi rabin magana, kuma rabin da ya bari shi ne ke kayar da mutane. Birtaniya ta daina ba duk wanda aka haifa a cikinta zama ɗan ƙasa tun 1 ga Janairun 1983, lokacin da dokar 1981 ta fara aiki. Amma dokar ta bar wata hanya: yaron da aka haifa a can, ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar, bai yi fiye da kwana 90 a waje ba a kowace shekara, yana da haƙƙin a yi masa rajista a matsayin ɗan Birtaniya, ko da iyayensa ba su taɓa mallakar takarda ba. Haƙƙi ne, ba alfarma ba, amma ba ya zuwa da kansa. Sai an cika takarda, an kai hujja, an biya kuɗi. A Ostireliya ne abin yake zuwa kai tsaye ranar da yaro ya cika shekara 10 yana zaune a ƙasar, wataƙila daga nan ruɗanin ya samo asali.

Hujjar ita ce aikin da ke gabanka a wannan shekara. Ma'aikacin da zai duba takardar bai san ɗanka ba, abin da ke kan teburinsa kawai zai gani, kuma yana so ya ga kowace shekara daga cikin goman tana da shaidarta. Shekarun makaranta suna da sauƙi, domin wasiƙa daga shugaban makaranta da rahoton ƙarshen zango sun wadatar. Inda ake samun giɓi shi ne daga haihuwa zuwa shekara 4, kafin a sa yaro a makaranta. A nan ne jan littafin nan da ake ba kowace mai jego, wanda ma'aikatan lafiya ke rubuta awon nauyin jariri da ranakun rigakafinsa a ciki, yake zama dukiya, tare da wasiƙar likitan unguwa da ta gidan renon yara. Ka tattara su tun yanzu, ka yi musu kwafi, ka ajiye a wuri biyu.

A 2025 kuɗin rajistar ya haura fam 1,000, abin da ya jima yana hana iyalai marasa ƙarfi karɓar abin da doka ta ba 'ya'yansu. Tun daga 2022 ana iya neman a yafe kuɗin idan iyali sun nuna ba za su iya biya ba. Kada kuma a yi jinkiri bayan ya cika 10, domin daga wannan shekara ake fara auna yaro da sharaɗin kyawun hali, kuma ƙuruciyar da ta kai ga 'yan sanda tana iya ɓata masa takarda. Wani abin da ban ga ka ambata ba shi ne, tun da ya wuce shekara 7 a ƙasar, dokokin shige da fice sun riga sun ba shi damar neman izinin zama, ku ma kuna iya kafa hujja da shi. A 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar wata uwa 'yar Tanzaniya mai 'ya'ya biyu 'yan Birtaniya, ta ce wajibi ne maslahar yara ta kasance cikin abubuwan da ake fara dubawa kafin a kori iyayensu.

Tambaya: Muna tsoron zuwa yi wa jaririnmu rajistar haihuwa kada a kama mu. Tun da takardar ba za ta mai da shi ɗan ƙasar ba, mene ne amfaninta?

Amsa: A cikin dukan wasiƙun nan wannan ce na fi so a karanta da kyau. Gaskiya ne takardar shaidar haihuwa ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce, amma kowace ƙofar da muka ambata a sama da ita ake buɗe ta. Ita ce ke nuna inda aka haifi yaro, da ranar, da sunayen waɗanda suka haife shi. Idan babu ita, ƙasar da aka haife shi za ta ce ba ta san da shi ba, ofishin jakadancin ƙasarku kuma zai ce ku kawo shaidar cewa ɗanku ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin yara ta 1989, wadda duk ƙasashen majalisar suka amince da ita in ban da Amurka, ta ce a sashe na 7 a yi wa kowane yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin suna da na samun ƙasa. Ba ta ce sai ɗan mai biza ba.

Tsoronku ba na banza ba ne, domin akwai ƙasashen da ofishin rajista ke da alaƙa da jami'an shige da fice, akwai kuma inda ake neman takardar aure ko iƙamar iyaye, wato izinin zamansu, kafin a ba da shaidar. Amma da yawa sun raba ayyukan biyu. A Italiya, misali, ba a neman izinin zama wajen rajistar haihuwa, ana iya yin ta a asibiti cikin kwana 3 ko a ƙaramar hukuma cikin kwana 10, kuma doka ta hana ma'aikatan lafiya kai rahoton marar takardu da ya zo neman magani. Thailand ma tun 2008 take yi wa duk jaririn da aka haifa a cikinta rajista ko mene ne matsayin iyayensa. Ku fara tambayar ungozoma ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin yadda abin yake a inda kuke. Abin da nake roƙonku da shi shi ne kada ku rubuta sunan aro. Wasu mata suna haihuwa da katin asibitin wata, wasu kuma suna sa sunan wani mai takardu a gurbin uba. Wannan laifi ne a doka, kuma ranar da asiri ya tonu yaron ne zai rasa takardar da aka gina a kan ƙarya, ga kuma wahalar tabbatar da cewa uwar da ta shayar da shi ita ce uwarsa.

Tambaya: An haifi mahaifina a Saudiyya, ni ma a nan aka haife ni, ga shi na haifi 'ya'ya uku. Kakana ne ya zo bai koma ba. Babu mai iƙama a cikinmu, kuma ban taɓa ganin ƙasar da aka ce tamu ce ba. Ina matsayin 'ya'yana?

Amsa: Ɗan'uwa, dokar zama ɗan ƙasa ta Saudiyya ta 1954 ta uba take bi, haka ma sauran ƙasashen yankin Gulf. Haihuwa a can, ko ta maimaitu sau uku a zuri'a ɗaya, ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa. Ɗan da uwarsa 'yar Saudiyya ce ubansa baƙo yana iya nema idan ya balaga bisa wasu sharuɗɗa, jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba kuma ana ɗaukarsa ɗan ƙasa, amma ku ba kwa cikin ko ɗaya. Afuwar da hukumomi suka yi a 2013 da 2017 dama ce ta gyara takardu ko ta fita ba tare da hukunci ba, ba ta zama ɗan ƙasa ba ce.

Saboda haka fuskar da za ka dosa ita ce ƙasar kakanka, kuma a kan takarda ƙofar takan kasance a buɗe. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, misali, ya ce a sashe na 25 wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne idan uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, na Ghana kuwa ya haɗa har da kaka. Sai dai ba duk ƙasashe ne ke barin gadon ya yi ta gangarowa ba iyaka ba. Ɗan Birtaniyar da aka haifa a waje galibi ba ya iya miƙa wa ɗansa da shi ma aka haifa a waje, wasu ƙasashen kuma sai an je ofishin jakadanci an yi rajista. Matsalarka ta hujja ce, kuma tana ƙaruwa da rasuwar kowane dattijo. Ka nemo duk abin da kakanka ya bari, ko tsohon fasfo ne ko takardar aikin hajji ko wasiƙar 'yan'uwa, ka rubuta sunayen danginsa da ke raye, ka nemi dattawan da suka san shi su yi maka shaida a ƙaramin ofishin jakadanci. Idan aka bar abin ya ƙara gangarawa zuwa jikokinka, ba mai iya haɗa zaren.

Wanda ya faɗa wannan hali shi ake kira marar ƙasa, wato mutumin da babu ƙasar da dokarta ta ɗauke shi nata. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya irinsu kimanin miliyan 4.4 a ƙarshen 2023, ta kuma ce ainihin adadin ya fi haka nesa. Wata hanyar da yara ke faɗawa ciki ita ce dokar da ke hana uwa miƙa wa ɗanta ƙasarta. Har yanzu akwai ƙasashe fiye da 20 da ke da irin wannan bambanci, cikinsu har da Labanon da Kuwait da Katar, ko da yake Masar ta gyara tata a 2004, Maroko a 2007, Senegal a 2013, Laberiya kuma a 2022. Idan uba ya gudu ko ya mutu ba a rubuta aure ba, sai yaro ya tashi ba shi nan ba shi can. Yarjejeniyar 1961 ta rage yawan marasa ƙasa ta wajabta wa ƙasashen da suka shige ta su ba duk yaron da aka haifa a cikinsu zama ɗan ƙasa idan ba shi da wata, yarjejeniyar Afirka ta kare haƙƙin yara ta 1990 ma haka ta ce a sashe na 6. Saudiyya ba ta cikin ta 1961, amma ga masu karatu da ke Faransa ko Sifaniya ko Italiya, dokokinsu suna da wannan tanadi.

Tambaya: Ni ban ga laifin ƙasar da ta hana ba. Iyaye sun karya doka sun shiga, don me za a saka musu da fasfo?

Amsa: Malam, kowace ƙasa tana da ikon tsara wanda zai zama nata, kuma ba ƙasashen Turai kaɗai ne suka tsaurara ba; Indiya ma ta gyara dokarta a 2003 ta cire ɗan da ɗaya daga cikin iyayensa ya shiga ba bisa ƙa'ida ba. Ban ce wajibi ne kowace ƙasa ta kwaikwayi Kanada ba. Inda na saɓa da kai shi ne wanda hukuncin ke sauka a kansa. Uba ne ya tsallaka iyaka, amma wanda ake hana makaranta da asibiti da aikin yi shi ne yaron da ba a yi shawara da shi ba, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Da irin wannan hujja Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Texas a 1982, wadda ta nemi toshe wa 'ya'yan baƙin haure hanyar makarantun gwamnati.

An kuma ga inda tsananin ke kaiwa. A 2013 kotun tsarin mulkin Jamhuriyar Dominikan ta yanke cewa 'ya'yan baƙi marasa takardu ba 'yan ƙasa ba ne, ta kuma mayar da hukuncin baya har zuwa 1929, sai dubun-dubatar mutane 'yan asalin Haiti, waɗanda a can Dominikan aka haifi iyayensu kuma ba su san wata ƙasa ba, suka wayi gari ba su da ƙasa, har sai da aka yi wata doka a 2014 domin rage ɓarnar. Kolombiya kuwa, wadda ita ma ba ta ba kowane jariri zama ɗan ƙasa kai tsaye, da ta ga 'ya'yan 'yan Venezuela suna taruwa ba su da takardar ko'ina, sai ta ba yara fiye da 24,000 a 2019. A ganina tsarin da ya fi kusa da adalci shi ne irin na Faransa da Birtaniya da Ostireliya, inda ake duba tsawon zaman yaron da kansa, ba takardun iyayensa ba.

Tambaya: An dawo da mu gida tare da ɗanmu mai fasfon ƙasar da aka haife shi. Ya rasa haƙƙinsa ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya. Korar iyaye ba ta soke zama ɗan ƙasar yaro, kuma yana iya komawa duk lokacin da ya tashi. Abin da ke wahalar da irinsa shi ne barin fasfo ya mutu shekara da shekaru. Fasfon yaron da bai kai shekara 16 ba a Amurka da Kanada da Birtaniya shekara 5 yake yi, kuma idan saurayi ya je ofishin jakadanci da fasfo mai hoton jariri, za a nemi ya tabbatar da cewa shi ne. Ku riƙa sabunta shi a kan lokaci, ku ajiye asalin takardar haihuwarsa da tsofaffin fasfunansa da hotunansa na kowace shekara. Ku kuma bincika ko ƙasarku ta yarda da riƙe ƙasa biyu, domin wasu suna tilasta wa yaro ya zaɓi ɗaya idan ya girma. Idan fasfon na Amurka ne, ya san cewa ƙasar tana bin 'yan ƙasarta da bayanin haraji ko'ina suke zaune a duniya, da zarar abin da suke samu ya kai mizanin da doka ta ƙayyade.